Kunnen Inna na Hagu

Burumburum,
Tudun Wada.
14 ga Oktoba, 1991.

Zuwa ga Yaya Shitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Balaraba da yara. Yaya zaman Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. Gero ya shiga rumbu, dawa ta fitar da kai, matar ɗan'uwanmu Habu kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Tarin fukan da ta yi ya warke, alhamdu lillahi, amma tun da aka gama alluran take jin ƙara kamar kukan gyare, yanzu kunnen dama ya toshe gaba ɗaya. Mun ɗiga maganin da ka aiko, bai yi ba. Sai Habu ya kai ta wurin likitan kunne a Kano, na bi su. Likitan ya ce ba dauɗa ba ce. Wai can ciki akwai wani abu kamar katantanwa mai ƙananan gashi. Sauti na kaɗa su, wasu sinadarai su mai da motsin ya zama ɗan lantarki, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Allurar da ta kashe tarin ita ta taɓa gashin, kuma ba ya sake tsirowa. Da na faɗa wa Inna, dariya ta yi, ta ce ɗakinta babu lantarki, ashe a ka take yawo da shi.

Ta hana ni gaya maka sauran, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaset ɗin da ka aiko, na ƙure ƙarar rikoda ta kara a kunnen hagu. Dariyarka kawai ta kama, sai ni na maimaita mata abin da ka ce. Likita ya ce na hagun zai iya tsayawa haka, zai iya bin ɗan'uwansa. Yaya, kada ka jira Sallah. Ka nemi hutu ka zo ka zauna ta hagunta, ka yi mata magana da bakinka tun tana ji.

Kawu Audu da Gwaggo Asibi suna gaishe ka. Ka gai da Balaraba, ka shafa min kan Zailani.

Ƙanwarka,
Zuwaira.