Ni da ban wuce kwalekwale ba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ya iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Zuwana gida bana ya rushe. Kafil ɗina, wato uban gidana Balarabe, zai sayi jirgin ruwan shaƙatawa na hannu. Biyu muka gani a Jidda, ya kasa zaɓa. Ina tuƙo shi Riyad na yi suɓutar baki, na ce ni ɗan Yawuri ne, a bakin ruwa na tashi. Shi ke nan, wai ni zan zaɓa, ni zan zauna gadinsa, babu hutu. Ɗaya na hayaƙi, ɗaya ya yi tsatsa, fasfona kuma yana hannun kafil.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida yara. Kada ka gaya wa Inna tukuna, bar ta da duban hanya.

Ƙaninka,
Sani