An Sake wa Gwaggo Suna

Auta, ba za a rufe layin Gwaggo ba! An fasa. Jiya da idona na gan ta, na shiga na zauna, na ja ƙofarta na rufe da hannuna.

Ka yi haƙuri, na faɗo maka babu sallama. Malaminmu na ajin yamma, wanda ya koya mini riƙe biro bayan furfura ta fara fito mini, ya sha gaya mana cewa gaisuwa ce ke fara shiga wasiƙa, amma yau zumuɗi ya riga ta bakin ƙofa. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kuma ciwon bayan da ka ce yana damunka ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya raba mu da kwanciya. Mu nan kalau muke, sai dai gwiwoyina da suka ƙi jin magani. Ɗanka na wajena yana lafiya, haka surukata, haka jikata Kanari mai bakin da ba ya hutawa, da ƙaninta da ya fara dafa bango yana miƙewa.

Ka san Gwaggo, motar da masana'antarmu take haɗawa tun ina da ƙarfina, wadda muka sa wa wannan suna don tana kwashe kowa da kayansa ba ta ƙorafi. A sashen kujerunta na ƙare aikina, a layinta kuma ɗanka ya zama mai saita ƙofofi. Ka tuna halin da muka shiga da aka ce an daina yin ta, wai ta tsufa, sabuwar da za ta gaje ta kuma a wata masana'anta za a yi, inda injuna ke aikin mutane. Kai ne ka share mana hawaye. Ka je gaban maigidanka ka ajiye fuskarka, ka samo wa yaron nan gurbi a babban ɗakin ajiyar kaya da kake aiki, ka nema musu ɗaki kusa da kai. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Na yi maka godiya a lokacin, godiyar kuwa har zuciya. Abin da ban gaya maka ba shi ne tun ranar abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

To ga abin da ya faru. Ashe kamfanin yana da ƙanwa, wani ƙaramin kamfani nasu da ke sayar da motoci masu sauƙin kuɗi da wani suna dabam. Na saba zuwa bakin ƙofar masana'anta da hantsi in zauna wajen Dogo mai gadi, don zaman gida cikin kwalayen kayan ƙaurarsu ya ishe ni. Ina zaune sai na ga manyan motocin da aka turo su kwashe ƙarafan da ake buga jikin Gwaggo da su sun juya sun fita wayam. Na ce wa Dogo ruwa ba ya tsami banza. Ya kalli dama da hagu, sannan ya raɗa mini cewa an miƙa Gwaggo ga ƙanwar kamfanin. Wai za a ci gaba da haɗa ta a nan, a layin nan, sai dai a cire mata tambarin gidansu a manna mata na ƙanwar, a rage mata ado, a sayar da ita ga waɗanda a da sai dai su hange ta. Ban yarda ba, don Dogo ya taɓa ce mini za a ƙara mana fansho. Sai jiya shugaban layi, wanda yaro ne a hannuna a da, ya hango ni ya ce in shigo in ga ta gwaji.

Auta, ita ce. Sun sake mata fitilu da ragar gaba, sun cire fatar kujeru sun sa yadi, gilashin baya ya koma na murɗawa da hannu, ƙafafun ma na baƙin ƙarfe ne da murfin roba. Amma inji nata ne, ƙashin jiki nata ne. Na zura hannu ƙarƙashin kujera na ji ƙugiyoyin da ke riƙe yadi suna nan a inda na saba samunsu, ko idona a rufe zan lissafa su. Da na rufe ƙofa na ji wannan sautin nata mai nauyi, sai da na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido. Na nuna wa Kanari hotonta da shugaban layi ya ɗaukar mini, ta duba ta ce ai tsohuwa ce aka wanke wa fuska, kamar ni ranar da na yi aski. Na ce ni ma a sake mini suna a rage mini kuɗi ko zan samu wadda ta fi ta. Ta ce ai an riga an cire mini haƙora da gashi, kuma har yau ba wanda ya taya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Suna neman tsofaffin hannu. Ƙofofin Gwaggo ba sa zama daidai sai an bi su da gudumar roba da kunne, kuma ɗanka aka fara kira. Suna son amsa kafin mako ya ƙare, in bai amsa ba su ba wani. Na dawo gida kamar in yi tsalle, na tarar da shi a tsakar ɗaki yana ɗaure kwalin tukwane, ashe ya riga ni ji tun shekaranjiya ya yi shiru. Na yi masa magana da lallashi, na yi da faɗa, na tuna masa ni na haife shi. Bai ɗago kai ba har ya gama ƙulla igiyar, sannan ya ce, “Baba, Baffa ya ajiye fuskarsa saboda ni. In ba shi ya ce in zauna ba, ba zan zauna ba, kuma ba zan roƙe shi ba.” Ni na koya masa cewa alkawari kaya ne. Ban san wata rana kayan a kaina za a sauke ba.

Ba zan yi maka ƙarya don in samu biyan bukata ba. Albashin ƙanwar bai kai na da ba, kuma bai kai wanda ka samo masa ba. Sun kuma faɗa a fili cewa 'yan shekaru ne kawai za a yi ana haɗa ta kafin ƙarafan su gaji, bayan nan ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Wasu abokan aikinsa har suna yi wa abin dariya, suna cewa daga gidan yaya an koma gidan ƙanwa, saura gidan maƙwabta. In hankali kaɗai za a bi, aikinka ya fi. Na sani, na auna, na sake aunawa.

Amma ka zo ka ga gidan nan. An sauke madubi, ƙusa ce kawai a bango. An naɗe labulen ɗakinsu, rana tana shiga har kan siminti. Tun da yayarka mai ɗakina ta rasu, Kanari ce take ɗiga mini maganin ido da safe, ita take ɓoye mini sanda don in biyo ta, ita take duba rubutuna ta ce na manta ƙugiyar harafi, wai a mayar da ni aji. Ta haɗa kayanta tsaf, har da 'yar tsanarta mai hannu ɗaya, amma ta bar silifas ɗinta a ƙarƙashin gadona. Na ce ta ɗauka za ta bukace su a can, ta ce a'a, ta bar su ne don duk wadda na kawo ta san da mai ɗaki. Na yi dariya a gabanta. Da ta fita na kasa tashi daga bakin gadon. Ƙaninta kuwa, in suka tafi yanzu, zai yi tafiyarsa ta farko ba a gabana ba, zai girma ya san ni a matsayin wata murya a waya. Ka ce in biyo su, na gode, amma kai ma ka san gwiwar da ba ta hawa dokin ƙofa ba za ta hau benenku ba, kuma ba na so in zama kaya na biyu a kanka.

Sau biyu na kira ka cikin kwanakin nan, tun ma kafin labarin nan, ina so in ce maka ba zan iya rabuwa da su ba, sai na ƙare da tambayarka ko ana ruwa a wajenku. Baki ya kasa, shi ya sa na sa hannu. Surukata ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka a waya, mijinta bai sani ba. Ka san ta da kunya, amma yau da safe na ga ta kwance kwalin tukwanen nan, ta ce wai ludayi take nema, kuma har yanzu ba ta mayar da igiyar ba.

Ga roƙona, Auta. Ni ne babba, amma yau na durƙusa. Ka kira ɗanka ka sake shi. Kada ka ce masa ya yi yadda ya ga dama, don zai ga dama ya cika alkawari. Kada ka ce masa ni na roƙe ka. Ka ba shi umarni irin na uba, ka ce ya je ya amsa kiran shugaban layi. Na san za ka ji nauyin komawa gaban maigidanka, kuma wannan nauyin ni na jawo maka, ka ɗora laifin a kaina yadda kake so. Don kada gurbin ya tashi a banza, akwai abokinsa Mai-fenti, wanda ba a riƙe sashensu duka ba, yaro mai gaskiya da ƙarfi, ba mata ba ɗa, ko gobe aka ce ya taho zai taho. In kuma ƙarafan sun gaji nan gaba aka rufe layin da gaske, ba zan sake tsayawa a hanyarsu ba. 'Yan shekarun da aka ƙara wa Gwaggo, ni ma ban nemi fiye da su ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce na gode da man zafin da ta aiko. Ka gaishe da babbar 'yarka da mijinta, da tagwaye, da Ƙaramin Baffa mai ƙwallo, da maƙwabcinka tela da muka taɓa gaisawa a waya. Kanari ta ce in gaya maka kai ne mijinta na biyu in na ƙi ji.

Farkon wata mai kamawa za a fito da mota ta farko daga layi, kuma an ce iyalan ma'aikata za su iya shiga harabar. Gani ya kori ji. Ku taho dukanku, kai da mai ɗakinka da yara har da tagwaye, gida zai ɗauke mu, a shimfiɗa katifu a inda kwalayen suke. Ku zo ku ga Gwaggo da sabon sunanta. Ka ja ƙofar da hannunka ka rufe, ka saurara, ina tsaye kusa da kai. Wanda zai saita ƙofar nan yana jiran kiranka. Ku zo ku gani.

Yayanka,
Mai-kujera