Man Shanu Cikin Randa

Landan, 9 ga Afrilu, 1994

Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya Barira da yara? An gama yankan alkama a fadama?

Ni lafiya lau. Likitocin nan sun ɗaura mini wata na'ura a ƙugu, kamar ƙaramar rediyo. Ita ke ɗiga mini maganin ciwon sukari ta siririn bututu, na huta da allura huɗu kullum. Wurin yana ƙaiƙayi, amma ana sabawa.

Ina cikin wanke kwanoni a wurin aiki sai in ga ni cikin kwalekwalen Baba, ruwa yana tafiya da ni a hankali har Baturiya. Sai na'urar ta yi ƙara, in dawo.

Likita ta ce maganin ba ya jure zafi, shi ya sa take tsoron komawata Haɗeja. Don Allah ka binne randa cikin jiƙaƙƙen yashi, ka sa man shanu a ciki, ka riƙa dubawa bayan azahar har kwana bakwai. Idan bai narke ba, ka gaya wa Inna ina tafe. Idan ya narke, ka ce mata ina gaishe ta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Sama'ila