Kada a Toshe Kafar Ɗakin Tanimu

Da sunan Allah. Ni Halidu ɗan Ɗangana, na Garhanga, nake wannan magana, Malam Ayuba yana rubutawa, bayan girbin shekarar 1986. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina ƙalau yake. 'Ya'yana Isiyaku, Yalwa da Tanimu, ku saurara.

Na ɗaya. Gonakina biyu, rumbuna da jaki a raba yadda addini ya ce. Tanimu ya karɓi rabonsa da hannunsa. Kada wani ya ce zai riƙe masa don ya taɓa ciwo. Isiyaku, da kai nake.

Na biyu, laifina ne, kuma a rubuta shi yadda na faɗa. Kun tuna shekarar fari da Tanimu ya dawo daga Abijan hannu wofi, ya daina magana, ya daina ci, sai kallon bango. Kun ga na kulle shi a ɗakin baya, na ce wa gari ya koma Abijan. Ba ku san dalilina ba. Kakanku Ɗangana shi ne mai tsafin gidanmu, ni na bar abin na kama salla. Na ji tsoron a ce iskokin da na yasar ne suka kama ɗana. Don bakin mutane na rufe yaro wata goma sha huɗu. Da ya fara ci ya fara magana, na buɗe shi ina ta ƙafafa, wai dabarata da rubutun da nake ba shi ne suka yi aiki.

Kwana tara da suka wuce Hamani, sarkin samari, abokin Tanimu tun suna kiwon awaki, ya zo gaishe ni. Na sake yin wannan alfahari a gabansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Halidu, tun kwana ukku da kulle shi munka jiya tarinai. Mun san Abijan ba bayan gidanka take ba."

Ashe shi da samarin unguwa tubali ɗaya suka zare daga gindin bangon baya. Kullum na fita, sai biyu daga cikinsu su zo, yau waɗannan gobe waɗancan, su haƙa gurbin dara daidai bakin kafar, su yi wasansu suna ba shi labarin gari. Kwana arba'in bai ce musu uffan ba, ba su fasa ba. Ran nan Hamani zai yi mugun wasa, sai hannu ya fito ta kafar ya gyara masa dutsen. Bayan wata biyu, ta wannan kafa Tanimu ya miƙa musu igiyar guga da ya ɓoye ƙarƙashin tabarma, ya ce su tafi da ita, ya fasa rataye kansa.

Igiyar nan na neme ta har na zargi maƙwabta. Da na ji labarin, na sa aka kai ni bayan ɗakin, na taɓa tubalin, ya fito a hannuna kamar murfin tukunya. Ni ina tsaron sunana, 'ya'yan mutane suna tsaron ran ɗana, kuma ko ɗaya bai tona ni ba. Tanimu, ka yafe mini.

Na uku. Isiyaku, na san ka sayo sabon kwaɗo a kasuwar Tamaske, kana jiran in rufe ido, don kana ganin ƙanenka ya soma yin shiru tun da na kwanta. Tsoro ne irin nawa, na gane shi. Ka jefar da kwaɗon, a cire ƙyauren ɗakin nan gaba ɗaya. In shirun ya yi yawa, ku kira abokansa, ku kai shi wurin likita a garin Keita da rana tsaka, kowa yana gani. Ka kuma je ka ba Hamani haƙuri kan korar da ka yi masa kana kiran ƙungiyarsu ta samariya taron 'yan ganga. Daga bakina ka koyi wannan, na janye.

Na huɗu. Rumfar ƙofar gida da tsamiyar da ke gabanta na bar wa samarin unguwa, cikin sulusin da nake da ikon bayarwa. Su zauna, su yi dara, su yi surutun da na tsana. Duk yaron da ya dawo daga cin rani ba tsaraba, a fara kawo shi nan kafin kunya ta kai shi ɗaki. Yalwa, ke kika fi mu ido, in kin ga 'yar wani ta daina zuwa rijiya, ki bi sawunta.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya sa ku ci a ƙwarya ɗaya bayana. Kada ku bar ɗayanku ya yi shiru shi kaɗai. In damina ta zo za ku yaɓe bangon baya, ku yaɓe ko'ina, amma kafar nan a bar ta a buɗe. Jikokina in sun tambaya, a gaya musu wanda ya rufe ƙofa da waɗanda suka zare tubali.