Rumfar Inna a Kasuwar Rogo

Karaye

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan? Ya jikin Bahijja, zazzaɓin ya sake ta? Tunda wayarki ta faɗa rijiya kin sa ni riƙe biro, har yatsana ciwo yake.

Yaya, cike nake. Sakinatu amaryar Yaya Sadiƙ, ko lallenta bai gama gogewa ba, ta juya mana gida. Wai tana kallonmu muna aikin ƙuli, sai ta lura kafin mu ɗebo ruwan zafi daga murhu mu tsallaka tsakar gida zuwa turmi ya huce, shi ya sa man ba ya fita sosai. Sai ta mirgino turmin gindin murhu. Shi ke nan fa! Turmi kawai ta matsar! Amma zo ki ga mai, sai da muka aro jarka. Ni da nake wannan zirga-zirgar tun ina firamare ban taɓa lura ba. Inna ta ce ai idona kullum yana kan waya.

Yanzu komai Sakinatu. Ga Inna ta ce ciwon gwiwa ya ishe ta, bayan Sallah za ta bar wa ɗayarmu, ni ko Sakinatu, rumfarta ta kasuwar Rogo. Rumfar da na yi rarrafe a cikinta, Yaya! Abin haushin, yarinyar ba ta da laifi, har wanki take taya ni. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Radiyya

Karaye

Yaya Maijidda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Na ji Bahijja ta miƙe, alhamdu lillahi.

Kar ki yi min faɗa. Ranar kasuwa mun je Rogo tare, na jingina wayata a jikin jarka ina ɗaukar Sakinatu bidiyo a ɓoye, ko zan kama ta tana hamma ko tana ɗaure wa mai saye fuska, in nuna wa Inna. Na dawo na kalla, na sake kalla, har caji ya ƙare. Babu! Sai murmushi take kamar 'yar talla a talabijin.

Amma garin neman laifinta na ga wani abu. Magidanta suna tsayawa, su ɗaga ledar ƙuli, su ajiye, su buga waya gida, ba sabis, su juya su tafi. Ashe aiko su ake yi, ba su san mai gishiri ake so ko mai sukari ba, kuma tsoron ƙorafi suke. Ni kuwa matansu duk suna WhatsApp ɗina, su ne masu kallon sitatus ɗina. Na ce kowacce ta faɗa min abin da take so tun ana gobe kasuwa, in ƙulle in rubuta sunanta, maigida ya ɗauka kawai. Ban gaya wa Sakinatu ba. Ita ta je can ta yi ta matsar da turminta.

Taki,
Radiyya

Karaye

Yaya Maijidda,

Barka da Sallah, ya yara? Inna tana gaishe ki.

Ranar kasuwar da ta wuce, kafin azahar ƙulle-ƙullen nan masu suna suka ƙare kaf. Magidanta har godiya suke, wani ya ce na raba shi da faɗan gida. Na dawo ina ta shirya yadda zan ba Inna labari, ashe an riga ni. Sakinatu ce ta durƙusa gabanta ta ce ita aikin cikin gida ta iya gani, ni kuwa mutane na iya gani, don haka ni na dace da rumfa. Ta ma ce ta ga wayar a jikin jarka tun ranar, ta ɗauka tallarmu nake haɗawa, shi ya sa ta yi ta murmushi har kumatunta suka gaji.

Inna ta ba ni rumfar. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma Yaya, fisabilillahi, ta fi ni lura na haƙura, yanzu har kirkin ma sai ta fi ni?

Bidiyon dai na sa shi a sitatus da sunanta. An fi kallonsa a kan duk hotunan Sallata. Ki gyara wayarki ki zo ki kalli hotunan nawa.

Ƙanwarki mai rumfa,
Radiyya