Ba Goma Ba

Lahadi, 22 ga Oktoba, 2017

Arkadiy ya iso. Ɗan ƙanwata Zilpo, wanda ni na yi masa askin fari a shagona yana ihu yana shure-shure. Yanzu gemu har ƙirji, baƙar hula, baƙar kwat, a wannan rana ta Bukhara. Wai kada a ƙara ce masa Arkadiy, Aharon ne sunansa. Shekara shida yana karatu a Urushalima, abin da ya fara kawo mana tsaraba ke nan.

Amma na yi murna, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Tun da Pinhas, na gomanmu, ya bi 'ya'yansa Amurka mu tara muka rage a majami'armu ta Yahudawa, kuma ba a yin Kadish sai da maza goma. Ranar shida ga watan gobe Mazol za ta cika shekara. Watanni ke nan abin yana cina: matata ta shekara a ƙasa, ni kuma in kasa tsayawa in yi mata addu'ar mamaci saboda rashin mutum ɗaya. To ga mutum ɗaya Allah ya kawo, da gemunsa da komai.

Talata, 24 ga Oktoba

Na dafa masa shinkafar osh, bai ci ba. Ya shiga kicin yana ɗaga murafu kamar dubagari. "Kawu, tukunyar nan ba ta halatta ba, an haɗa nama da madara a cikinta, na tabbata." Tukunyar Mazol! A cikinta ya ci ya yi kumatu. Ya zauna gabana da kifin gwangwani da cokalin roba. Ƙarnin har yanzu yana hancina.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Addu'ar safe. Na ƙirga mu yadda muka gada, tunda ba a ƙirga ɗan Adam kai tsaye kamar tumaki: ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba, har yatsana ya kai kan Rahmin a bencin baya. Na ce ba goma ba, cike da murna.

Sai na ji, "Tara ne, Kawu."

Na ɗauka bai iya lissafi ba. Ya ce, "Mahaifiyarsa musulma ce, ta wajen uwa ake gadon Yahudanci. Ba ni na rubuta dokar ba."

Wa bai san uwar Rahmin ba? Shekara arba'in Rahmin yana share majami'ar nan. Shi ke wanke mamatanmu. Kafaɗarsa ce a gaban makarar Mazol. Ya naɗe mayafin addu'arsa a hankali, ya sa a jaka, ya fita, har da ja mana ƙofa don kada iska ta dame mu. Tsofaffi takwas, babu wanda ya ce uffan. Har ni. Tir da mu.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Jiya Asabar, ba a rubutu, shi ya sa sai yau. Na amayar wa Arkadiy da abin da ke cikina a kan tebur. Na ce wanda ya kori tsoho daga ɗakin Allah ba Bayahude ba ne, ko gemunsa yana share ƙasa. Na ce, "Ni ma daga yau ban ƙirga ka ba." Ya yi fari fat. Yau da safe ya kwashe gwangwanayensa ya koma ɗakin baƙi na majami'a.

Zilpo ta bugo waya tana kuka. "Yaya, ka san yadda yake kafin ya tafi? Kwalba da caca. Addinin nan ne ya tsamo min shi." Na ce to ya tsamo shi ya jefa mu. Ta kashe.

Talata, 31 ga Oktoba

Na wanke zanin gadon da ya kwana a kai. Sau biyu.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Hikmat maƙwabcina ya zo aski, ta ƙofar baya, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Shekara talatin ina aske kan nan. Na ce lafiya? Wai ɗansa ya dawo daga aiki a Rasha da ɗangalallen wando, ya ce haram ne Bayahude ya ɗora wa musulmi aska a wuya.

Na ba shi labarin nawa. Ya yi dariya har na kusa yanke masa kunne. "Nisim, anya ba kanti ɗaya ake sayo su ba? Naka baƙar hula, nawa fara."

Na ce, "Ka kore shi mana."

"In kore shi ina? Wurin waɗanda suka cika masa kai? Na zage shi wata guda, bakina ya gaji. Yanzu shayi nake zuba masa. Bai shiryu ba, amma dai a gida yake cin abinci."

Rashin zuciya ne kawai. Haka na gaya masa. Ya ce in kula da kunnensa.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Na je gidan Rahmin da gurasa biyu masu zafi. Na same shi yana ɗaure kurangar inabinsa kafin sanyi. Na ce ya zo ran Litinin, na riga na gama da ɗan banzan nan, na gaya masa shi ne ba Bayahude ba. Na zaci zai ji daɗi.

Ya daɗe yana ƙulla igiya. Ya ce, "Da bakinka ka faɗa masa haka?"

"Da bakina."

"Ka san yadda maganar nan take a kunne? Ni na sani. Tun ina ɗan shekara bakwai nake jin ta, daga dangin uwa da dangin uba." Sannan ya ce, "Kuma kai mai aski, ka yi lissafi mana. Shi ya cire ni, tara. Kai ka cire shi, tara. Mazol ce dai ba ta samu goma ba."

Na baro gurasar na taho. Ƙyamar da nake ji tun makon jiya tana nan, sai dai yau ban san inda zan nuna da yatsa ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na wuni a bakin tafkin tsakiyar gari ina tare baƙi masu yawon buɗe ido, ina tambaya ko akwai Bayahude a cikinsu. Ni, da furfurata. Biyu suka ɗauki hotona, wata ta miƙo min alewa.

Da yamma na tsaya a ƙofar ɗakin Arkadiy. Ban shiga ba, ban ba da haƙuri ba. Na ce wa katakon ƙofar, "Gobe ƙarfe bakwai. Mazol ce ta goya ka wata huɗu lokacin da uwarka take asibiti." Na ji dai an daina buɗe shafin littafi.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Rahmin ya riga kowa zuwa, ya share wurin, ya zauna a bencinsa. Bakwai ta yi. Bakwai da kwata. Tsofaffi suna ta tari suna kallon silin don kada su kalle ni. Na fara ƙirga don in gama wulaƙanta kaina: ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na kai ba tara ba a kan Rahmin, da ƙarfi na faɗa.

Sai ga inuwar Arkadiy a bakin ƙofa. Bai shigo ba, bai koma ba. Ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, ɗaya a tsakar gida, yana kallon takalminsa. Yatsana ya yi nauyi. Rantsuwa na yi ban ƙirga shi ba.

Na nuna shi. Ba goma ba.

Na yi wa Mazol Kadish. Ban san yadda na kai ƙarshe ba. Da aka zo amsawa, a cikin muryoyin tsofaffi masu kakkarwa na ji wata amin ta saurayi daga wajen ƙofa. Bayan an tashi ya ce min, ido jajur, "A wurina har yanzu tara ne, Kawu." Na ce ban tambaye ka ba. Rahmin ya zo wucewa ya ce masa, "Ɗaga ƙafarka, ɗana, zan share nan." Ya ɗaga.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na sayi sabuwar tukunya. Ba don kowa ba, ta Mazol ta fara tsufa ne. Na bar ɗan Zilpo ya tsaya a kaina ina dafawa, yana duba shinkafa ƙwaya-ƙwaya kamar mai neman zinariya, har na ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Na kira Rahmin. Sun zauna wannan a wancan ƙarshen tebur, wancan a wannan, ba su ce wa juna komai ba sai miƙo gishiri. Bai shiryu ba, gemun nan kuma har gobe hannuna ƙaiƙayi yake in na gan shi. Rahmin ya ci faranti ɗaya. Aharon ya ci biyu.

Aharon na rubuta? To, tawada ce, ba ta goguwa.