Gurbin da Maman Rawan Ta Saki

Daren Laraba, watan Safar

Mako uku ke nan Asma'una tana ta biyu a jerin masu jiran gurbi a makarantar hadda ta Aziziyya.

Yau Maman Rawan ta saman bene, wadda 'yarta ke gaban tawa, ta hau taksi cikin ranar nan ta je ta cire sunanta, tunda ta samu wata makarantar. Iyayen yanzu gurbi biyu suke riƙewa, ko kunya babu.

Na ce mata, "Yaya, da kin buga musu waya."

Ta ce, "Su manta, ke kina nan kina ramewa?"

Asma'u ce ta farko yanzu. Ga yaran Maman Rawan can suna tsalle a kaina, amma yau ban hau na yi faɗa ba.